Ki Jiƙa Dutsen Kafin Ki Kira Sunansa

Kalley, Yamai

Zuwa ga Yaya Rakiya, a makarantar ma'adinai, Agadas.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya kamar yadda muke a nan. Yaya, ni ce Safiya na riƙe bik ɗin rubutu, amma wasiƙar ta Baba ce. Yanar idonsa ta ƙaru tun bayan tafiyarki, yanzu ko layin takarda ba ya gani. Yana zaune bisa tabarmarsa a ƙofar ɗaki, gwangwanin duwatsunsa tsakanin ƙafafunsa, yana faɗa ina rubutawa. Ya ce kada in gyara masa magana. In na sa baki a wani wuri zan ce ni ce. Ga Baba.

Uwata, mai sunan mahaifiyata, ina gaishe ki. Ina gaida malamanki da abokan karatunki, da matar da kike cin abinci wurinta. Allah Ya tsare kwananki da tashinki, Ya raba ki da zazzaɓi da mugun aboki, Ya sa ruwan garin ya karɓe ki.

Na sa a rubuta miki ne don in janye wata magana. Ran nan kin kira ni a waya, kika ce kin faɗi jarrabawar gane duwatsu. An zuba muku su a faranti an ce ku faɗi ma'adinan da ke cikin kowanne, duk suka zame miki iri ɗaya. Kika ce an ba ku dama ta biyu amma ke kin gaji, in wata ya ƙare za ki hau mota ki dawo gida. Na ji muryarki tana rawa, sai na ce, "To, ki dawo." A haka waya ta yanke. Kewa ce ta yi wannan magana da bakina. Tun da kika tafi gidan nan ya yi mini faɗi. Da safe in na ji ƙarar bokiti a famfo sai in ɗauka ke ce, har in buɗe baki in ce ki rage ruwan, sannan in tuna. Kuma ni ban iya waya ba. In na ji muryarki sai in tambaye ki ko kin ci abinci, in kin amsa in sake tambayarki ko kin ci abinci. Shi ya sa na ce a ɗauko takarda.

Kin san na yi ƙuruciyata a bayan motar foraj, muna haƙa wa ƙauyuka rijiyoyin burtsatse, amma ba ki taɓa ganin aikina ba. Injin yana huda ƙasa, iska tana huro ɓarɓashin dutse daga cikin ramin. Ni ne mai tsayawa da rariya a bakin rami in tari ɓarɓashin, kowane metir in zuba nasa tsibi daban a ƙasa, a jere kamar mai tallar gyaɗa. Injiniya in ta zo sai ta bi layin tana dubawa, ta san abin da muka ratsa a ƙarƙashi, ta ce a ci gaba ko a tsaya. Ban yi karatunki ba. Abin da na sani a tsugune na koye shi, kuma kusan kowanne sai da na yi kuskure aka gyara mini. Bari in ba ki su ɗaya-ɗaya, ko kya rage wa kanki hanya.

Farkon shigata aikin muna wani gari a hayin kogi. Na wanke ɓarɓashi a kwano sai na ga ruwan ya cika da wani abu yana walƙiya, rawaya-rawaya. Na waiwaya ba mai kallona, na tsame shi na ƙulle a tsumma na cusa aljihu. Wuni na yi ina aiki da hannu ɗaya, ɗayan na dafe da aljihun. A raina har na gina bene na sa masa ƙofar ƙarfe. Hamani, Bazabarmen da ke tuƙa injin haƙa, ya dube ni ya ce, "Kai Bahaushe, ciki ke ciwo ne ko ka saci wani abu?" Na ja shi bayan kamiyo, babbar motar kayanmu, na kwance masa tsumman. Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, ya ɗaga murya ya ce, "Ku zo ku gaida Alhaji Isufu mai zinariya!"

Injiniyarmu, Madam Fati, ita ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta sa a tafin hannunta, ta danna da tsinin allura, abin ya rabu falle-falle kamar ɓawon albasa. Ta hura, ya tashi. Ta ce, "Mika ce. Baƙa ce tun asali, daɗewa cikin ruwa ya sa ta yi wannan launi. Zinariya nauyi gare ta, gindin kwano take kwanciya, in ka danna ta sai ta lotsa, ba ta ɓarewa." Daga ranar sunana ya koma Alhaji Mika, har yau in Hamani ya kira ni haka yake cewa. Don haka duk abin da ya yi miki walƙiya a faranti, kada ki tsaya kallonsa. Sa masa farce ko allura. In ya ɓare ganye-ganye mika ce, baƙa ko fara, ki rubuta ki wuce.

Yaya, ni ce Safiya. A nan Inna ta yi magana daga wajen murhu, ta ce, "Benen nan dai har yau muna jiransa." Baba ya ce, "Ai ginin na nan, ƙofar ce ba a gama ba." Ya ce kada in rubuta wannan, amma na riga na rubuta.

Kuskure na biyu na ƙusa ne. An koya mini cewa farin dutse in ƙusa ta karce shi kalsit ne, in ba ta karce shi ba kwarts ne. Na riƙe wannan kamar karatun allo. Wata rana na ɗauki wani farin dutse na ja masa ƙusa, na ga layi ya fito sarai, na ce, "Madam, kalsit." Ta tofa yawu a babban yatsanta ta goge wurin, layin ya ɓace. Ashe ƙarfen ƙusar ne ya goge ya kwanta bisa dutsen. Dutsen ne ya ci ƙusata, ni kuwa ina cewa ƙusa ta ci shi. Ta ba ni guntun gilashin taga ta ce in ja dutsen a kai. Na ja, ya yi ƙara ƙiii, ya bar zane mai zurfi da farce ke kamawa. Kwarts ne.

To, in kin ja ƙusa, ki goge wurin, sannan ki shafa da farce ki ji ko akwai rami. Kalsit na gaskiya ƙusa tana nutsewa cikinsa ta fito da farin gari, kuma in kin ɗiga masa asid ɗin da ake ba ku zai tafasa da kumfa. Mu a daji in asid ya ƙare sai mu kankare garin dutsen mu matsa masa lemun tsami, mu kai kunne kusa. Za ki ji yana ƙara ƙasa-ƙasa kamar man da ya fara zafi a kasko. Kada gwaji ɗaya ya ishe ki. Launi kuwa shi ne na ƙarshen abin da za ki yarda da shi. Na ga kwarts fari, na ga mai ruwan hoda, na ga mai duhu kamar hayaƙi, duk kwarts ne. A ƙasarmu ma jar ƙasa tana rina kowane dutse daga waje. Sai kin fasa, kin dubi sabon wuri.

Sannan ki jiƙa shi. Wannan ita ce babbar maganata, in kin manta sauran ki riƙe ta. Busasshen dutse ƙura ta rufe masa fuska, duk ƙwayoyinsa sai su yi fari-fari iri ɗaya, kamar yadda kika ce sun yi miki. Da ruwa ya taɓa shi sai kowa ya fito da kamanninsa. Masu aikin dutse ba sa jiran a kawo ruwa, lasa suke yi. Ni ma na saba, har ya zama hannuna na ɗaukar dutse harshena na fitowa. Wata shekara azumi ya same mu a daji, rana ta take, na ɗauki dutse na lasa kamar kullum. Hamani ya kashe inji don kawai ya yi mini tsiya. Ya ce, "Jama'a ku shaida, Alhaji Mika ya buɗe baki da giranit!" Sai da na je na tambayi limamin garin. Tsohon ya ce, "Ka haɗiye?" Na ce a'a. Ya ce, "Ya yi daɗi?" Na ce a'a. Ya ce, "To je ka, azuminka na nan, amma ka nemi ruwa a gwangwani." Ke ma ki nemi ruwa a murfin kwalba, ki tsoma yatsa ki shafa. A ɗakin karatu kada ki lasa, ba ki san wanda aka ɗiga wa asid kafin ki ba. In an hana jiƙawa a jarrabawa, ko hucin bakinki ki hura masa, yana taimakawa.

In kin jiƙa giranit za ki ga mutum uku ne zaune a ciki. Akwai mai ruwan toka, kamar gindin fasasshiyar kwalba, ba shi da fuska a miƙe ko ta ina, shi ne kwarts. Akwai fari ko mai launin nama, wanda haske ba ya ratsawa, shi ne feldispat. Shi wannan sai kin juya dutsen a hankali a gaban taga. Za ki ga wani gefe nasa ya haska gaba ɗaya lokaci guda, kamar rufin kwano da rana ta daka, ki ƙara juyawa kaɗan ya mutu. Kwarts ba ya yin haka, ƙyallinsa a warwatse yake. Na ukun baƙaƙen ɗigo ne. Ki sa musu allura, in sun ɓare kin san sunansu. Na daɗe ina haɗa kwarts da farin feldispat saboda ina kallonsu a tsaye cak. Dutse ba a kallonsa a tsaye, juya shi ake yi.

Akwai abin da ba zan iya koya miki ba, gara in faɗa. Baƙaƙen da ba sa ɓarewa iri biyu ne, amfibol da piroksen. Madam Fati ta nuna mini su sau ɗaya da lup, gilashin nan mai ƙara girma. Ta ce ɗaya dogo ne kamar tsinke, ɗaya gajere ne mai kauri, kuma a dubi yadda layukan tsagarsu suka haɗu. Ta ce, "Ka gane?" Na ce, "Na gane, Madam." Ban gane ba. Kunya ta hana ni in ce ta sake. Na ƙare aikina ina kiransu "baƙin nan", in an tambaye ni in yi kamar tari ya sarƙe ni. Na san kin gado wannan hali. Tun kina ƙaramar makaranta, lakwal, in ba ki gane abu ba sai ki sunkuyar da kai ki yi ta gyara littafi. Bayan an tashi daga aji ki je wurin malaminku ki ce, "Malam, ban gane ba, a sake nuna mini." Ki roƙi a bar ki da akwatin duwatsun ko na ɗan lokaci ne. Ba wanda ya taɓa korar ɗalibi don ya ce a sake. In kin koya, ki zo ki koya mini, ina jira.

Yaya, ni ce. Baba ya ce in ƙara da cewa har mai rubutun nan haka take, ta fi ki ma. Daga nan ya daɗe yana juya wani ƙaramin dutse a hannunsa. Inna ta tashi ta shiga ɗaki ta ce wai za ta nemo gishiri, alhali gishirin yana gabanta. Sannan ya ce in ci gaba.

Wannan da zan faɗa miki ban taɓa faɗa wa kowa a gidan nan ba, ba don laifi ne babba ba, sai don ba irin maganar da uba ke yi da ƴarsa ta fari ba ce. Shekarar da aka haife ki muna wani ƙauye a hayin kogi, nesa da kwalta. Matan garin tun kafin rana ta fito suke tafiya da jakuna neman ruwa, ba sa dawowa sai ta yi zafi. An taɓa haƙa musu a wani wuri ba a samu ba, wannan ne gwaji na ƙarshe da aka yarda a yi musu. Muna haƙa yara da tsofaffi suna zaune a inuwar aduwa suna kallonmu, ba sa ko tashi cin abinci.

Lokacin ba waya a aljihun kowa. Wani direban kamiyon hatsi ne ya tsaya ya ce, "Wane ne Isufu na Kalley? An sauka lafiya a gidanka, mace ce." Abokan aiki suka yi ta yi mini barka. Ni kuwa na ce "madalla" na koma bakin rami da rariyata, kamar an ce mini akuyar maƙwabci ta haihu. Kin san al'adarmu. Ɗan fari ba a rawar jiki a kansa, ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa gaban mutane. Namiji ya buɗe baki ya ce a ba shi izini zai je ganin ƴarsa ta fari? Da Hamani ya samu abin tsokana na shekara goma. Ban nemi izinin ba. Amma raina yana gida. Ina so in ga fuskarki, ina so in kasance ranar suna, kuma na san ba mai barin wurin sai an gama rijiyar, ko da ruwa ko babu.

Mun wuce jar ƙasa, mun wuce farar laka, mun shiga dutse mai tauri. A irin wannan ƙasa ruwa ba ya zama sai inda dutse ya tsage. In ka shiga lafiyayyen giranit wanda ba tsaga, ko ka kai ina ƙura za ka yi ta fitarwa. Ranar Madam Fati ta tafi duba wani aikin, ta bar mana magana: in muka kai zurfin da aka yanka ba canji, a tsaya a fara cire sandunan haƙa daga rami. Muka kai. Hamani ya leƙo daga bisa inji ya ce, "Alhaji Mika, me ke fitowa?" Na dubi rariya. Ɓarɓashin ya fi na ɗazu girma, da farare a ciki, ƙura ta lulluɓe su. Gwangwanin ruwana yana nan kusa da ƙafata. Ban sunkuya ba. Na ce, "Giranit ne, irin na ɗazu. Babu komai." Ba ƙarya na shirya ba, Allah Ya sani. Idona ne ya ga abin da zai kai ni gida.

Hamani ya kashe inji. Shirun da ya biyo baya har yau ina jinsa. Wata tsohuwa ta taso daga gindin aduwa ta zo ta tsaya kusa da ni tana kallon ramin. Mun fara kwance sandar farko ke nan sai ga motar Madam Fati. Ta sauko ta bi layin tsibina kamar yadda ta saba, ta kai na ƙarshe ta tsuguna. Ta ɗebi ɓarɓashin ta zuba masa ruwan gwangwanina, wanda ni ban taɓa ba. Ƙura ta wanke. Fararen nan suka fito kamar gilashi. Ta ɗaga ɗaya a rana ta ce, "Isufu, zo. Mene ne wannan?" Na ce, "Kwarts ne, Madam." Ta ce, "Wannan jan layin a gefensa fa?" Na ce, "Tsatsa ce." Ta ce, "Me ke sa tsatsa a ƙarƙashin ƙasa?" Na ce, "Ruwa." Duk na san amsar. Na san ta tun kafin ta zo, da na jiƙa. Jijiyar kwarts muka taɓa, irin wadda ke tsattsagewa ruwa ya bi.

Ta ce a mayar da sanda. Ba mu ƙara da yawa ba ƙura ta fara yin nauyi, ta koma laka, sai ruwa ya yi tsalle ya jiƙa mu duka. Mata suka ɗauki guɗa. Tsohuwar nan ta tari ruwan da hannu biyu, jajir da shi, ta shafa a fuska. Ni na koma bayan kamiyo na zauna. Ina tunanin da motar nan ta yi latti kaɗan, da mun naɗe kayanmu mun bar mutanen nan da jakunansu, saboda ni ina jin kunyar in ce ina kewar jaririya.

Madam Fati ta same ni a can. Na ɗauka faɗa za ta yi. Ta ce, "Hamani ya ce an yi maka haihuwa. Me ya hana ka faɗa?" Na ce, "Ta fari ce, Madam." Ta yi tsaki ta ce, "Ku dai da kunyarku. Shiga mota, Yamai za ni." Ta miƙo mini ƙwayar kwarts ɗin ta ce in kai wa jaririya. Na iso ana gobe suna. Ban ɗauke ki gaban mutane ba, sai da ɗaki ya rage ni da innarki.

Ga abin da ya sa na ba ki wannan labari. Ke ba daƙiƙiya ba ce. Yarinyar da ta iya tsince tsakuwa daga shinkafa tana hira ba ta ko kallo, ba za a ce ta kasa raba kwarts da feldispat ba. Na ji muryarki na gane ciwon, don na yi shi. Kina zaune gaban faranti amma rabinki yana Kalley. Mai kewar gida sauri yake yi, yana so ya kira sunan dutse ya tashi. Ni na ɓoye tawa kewar har ta kusa hana gari ruwa. Ke kada ki ɓoye taki. Ki kira mu ki ce kina kewarmu, ki yi kuka in kuka ya zo, ki ce dambu da kopto, kwaɗon zogalen nan, kike marmari. In kin gama ki wanke fuska ki koma gaban duwatsun. Ki ɗauki ɗaya, ki jiƙa, ki juya shi a haske, ki ja ƙusa ki goge, ki gwada a gilashi. Sai kin gama duka sannan ki buɗe baki. Ko an ce lokaci na tafiya, gara ki amsa kaɗan daidai.

Tare da takardar nan akwai ƙunshi, mun ba yaron motar Agadas, zai kira ki in sun iso tasha. Lup ɗina na ciki, wanda Madam Fati ta bar mini da ta bar aiki. Igiyarsa ta tsufa, ki sake wata. Ki kai shi dab da idonki, sannan ki matso da dutsen, ba ki miƙa hannu nesa kamar mai duba madubi ba. Ni ba ya yi mini amfani yanzu. Akwai ƙusa da guntun gilashi, na sa an goge bakinsa kada ya yanke ki. Akwai duwatsu daga gwangwanina, ban sa a rubuta sunan ko ɗaya ba. Ki gane su da kanki ki kira ni ki faɗa, ni na san su da hannu, in kin yi kuskure zan ji. Innarki ta sa busasshen zogale da yaji da kilishi. Ta ce a gaya wa "waccan" kada ta raba wa mutane duka ta zauna da yunwa.

Dutse na ƙarshe yana ƙulle daban cikin farin ƙyalle. Shi ne na ƙauyen nan. Naki ne tun kina kwana shida a duniya, riƙo kawai nake yi. Ina shafa shi ina jin santsinsa da kaifinsa, amma jan layin nan na daina ganinsa. Na tambayi Safiya ta ce kamar akwai kamar babu. Ki jiƙa shi, ki sa lup, ki gaya mini ko yana nan.

Yanzu ga maganar da na janye, ga wadda na sa a madadinta. Kada ki dawo ƙarshen watan nan. Ki zauna ki sake jarrabawar. In kin ci, alhamdu lillahi. In ba ki ci ba bayan kin yi yadda na ce, ƙofar gidan nan ba ta da wani aiki sai jiranki, kuma ba mai yi miki gori. Amma kada ki cire sanda ba ki jiƙa abin da ke rariyarki ba. Ina son ganinki fiye da yadda bakina zai iya faɗa, ko da yake ganin nawa yanzu inuwa ce. Zan jira hutu.

Allah Ya buɗe miki ido da zuciya. Allah Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya haɗa ki da mutanen kirki irin waɗanda Ya haɗa ni da su. Allah Ya sa ki taka inda ban taka ba, Ya dawo mana da ke lafiya a lokacin da ya dace. Innarki tana sa miki albarka. Hamani ya ce a gaida ƴar Alhaji Mika. Wassalam.

Mahaifinki, Isufu.

Yaya, ni ce Safiya, Baba ya gama, ya tafi masallaci. Sauran wurin nawa ne.

Da ya zo kan "kada ki dawo" sai da ya faɗa sau biyu, don na tsaya ban rubuta ba. Ya ce, "Bik ɗin ya ƙare ne?" Na ce a'a. Na yi tunanin in tsallake layin, ai ba zai gani ba. Tun ranar da na ji kin ce za ki dawo na share gefenki na ɗaki, na shimfiɗa katifarki, na wanke zanen rufarki mai shuɗi. Ba wanda na gaya wa. Ɗakin ba daɗi ni kaɗai, ba mai yi mini kitso sai na je gidan maƙwabta, kuma kin san ba na iya magana a can.

Amma na rubuta, kin gani da idonki. Kafin in ƙulle dutsen na faki ido na lasa shi. Ba daɗi. Na ga wani abu a gefensa, sai dai ban san ko shi ne ba, kuma ban gaya wa Baba ba, don ke yake so ki faɗa masa.

Na naɗe katifar na mayar bisa akwati. Zanen na bar shi a waje, da shi nake rufa kafin hutu.

Ƙanwarki,
Safiya